Enzayim ɗaya da makomar ƙarin da ke cikin 'yata

Ni malamin ilimin halittu ne a wata makarantar sakandare da ke cikin garin Kaduna, kuma na daɗe ina koya wa ɗalibai cewa enzayim sinadari ne da jiki ke ƙera wa kansa domin ya hanzarta ayyukan da ke gudana a cikin ƙwayoyin halitta, ayyukan da in babu shi za su yi nawar da rai ba zai iya jira ba. A shekarar da aka gano ƙarin ciwon daji a cikin 'yata ta uku, tana da wata goma sha huɗu a duniya, irin maganin da za a yi mata da irin fatan da likitoci suka ba mu sun rataya sosai a kan ma'aunin ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai, mai suna LDH. Ina so in bayyana yadda aka bi da mu daki-daki, domin a ɗakin yara masu ciwon daji na ga iyaye da yawa riƙe da takardar gwaji, waɗansu sun ɗauke ta hukuncin mutuwa, waɗansu kuma sun ninke ta sun jefa a jaka ba su san tana faɗin wani abu ba.

Ciwon ya fara da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, da ƙin abinci, da rama. A gida aka ce haƙori ne, da cikin ya soma ɗagawa kuma aka ce saifa ce, abin da ba a mamakinsa a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kumbura wa yara saifa kowace damina. Mahaifiyarta ce ta fara jin wani abu mai tauri a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu tana yi mata wanka. A ƙaramin asibitin unguwarmu aka gwada jini aka sami zazzaɓin cizon sauro da gaske, aka ba da magani, amma likitan bai yarda da taurin nan ba, ya tura mu sikanin. Hoton ya nuna wani dunƙule a saman ƙodar hagu, ya danne ta ƙasa, da ɗigo-ɗigon kalsiyam a cikinsa. A Kaduna mai irin wannan lalura yawanci yakan kai ga asibitin koyarwa na Barau Dikko a cikin gari ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, mu ma ɗaya daga cikinsu aka tura mu.

Likitar yara da ta karɓe mu ta ce ƙari a cikin yaro mai waɗannan watanni yana sa ta tunanin abubuwa uku. Akwai ƙarin Wilms, wanda ke tsirowa daga ƙodar kanta. Akwai na Burkitt, wanda wani likita mai suna Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, kuma ya yawaita a wuraren da sauro ya yawaita. Akwai kuma niyurobilastoma. Da aka yi babban hoto na siti sikan aka ga ƙodar lafiyarta lau, ture ta kawai aka yi, kuma ƙarin ya naɗe manyan jijiyoyin jini na tsakiyar ciki, sai zatonta ya karkata ga na ukun. Niyurobilastoma yana fitowa ne daga ƙwayoyin da tun ɗan tayi yana cikin mahaifa aka ware su domin su zama jijiyoyin kai saƙo, irin waɗanda ke ƙara bugun zuciya da sa zufa idan mutum ya tsorata. Waɗansu daga cikin ƙwayoyin sukan zauna a gefen ƙashin baya, waɗansu su zama tsakiyar wata 'yar halitta da ke kan kowace ƙoda, wadda ake kira adirinal. Idan suka ƙi nuna, suka tsaya a ɗanyensu suna ta rarrabuwa, shi ne ƙarin. Ciwon ƙananan yara ne, kusan tara cikin goma ana gano su kafin shekara biyar.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka shafi aikin enzayim na fitsari ne. Ƙwayoyin wannan ƙari, da yake asalinsu na jijiyoyin tsoro ne, suna ƙera sinadaran da irin waɗannan jijiyoyi ke ƙerawa, kuma ƙirar hawa-hawa ce: enzayim na farko ya fara aikin, a kai ga sinadarin dofamin, sannan wani enzayim ɗin ya mayar da dofamin ya zama noradirinalin. Idan jiki ya gama da su sai ya farfasa su ya zubar ta fitsari, ragowar dofamin ta fita da sunan HVA, ragowar noradirinalin da adirinalin kuma ta fita da sunan VMA. Kusan kashi 90 cikin 100 na yaran da ke da wannan ciwo ana samun ɗaya ko duka biyun sun hau. Abin da ya fi jan hankalina a bayanin likitar shi ne cewa yadda ma'aunan biyu suka tsaya da juna yana nuna inda ƙwayoyin ƙarin suka kai a nuna. Ƙwayar da ta yi nisa da nuna ba ta da isasshen enzayim na biyun, don haka aikinta yakan tsaya a dofamin, HVA ya yi yawa VMA ya yi kaɗan, kuma irin wannan ƙarin an lura ya fi taurin kai. Likitar ta ja mini kunne cewa ba a gina tsarin magani a kan wannan kaɗai, alama ce daga cikin alamomi. Tara fitsarin yarinyar da ba ta san fo ba aiki ne mai wuya, da wata 'yar leda mai manne wa fata aka yi shi, aka aika da shi wani ɗakin gwaji a wajen jihar. Da sakamakon ya dawo duka biyun sun hau, kuma VMA bai gaza HVA ba.

Na jini shi ne ya girgiza mu. Tun kafin mu isa asibitin koyarwa an sa mu yin jerin gwaje-gwaje a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, a ciki har da wani mai suna LDH, kuma lambar da aka rubuta ta haura dubu, alhali iyakar da aka buga a gefen takardar ba ta kai rabin haka ba. Na san LDH daga littafin da nake koyarwa: enzayim ne da ke cikin kusan kowace ƙwayar jiki, yana aiki a ƙarshen matakan da ƙwaya ke bi ta fasa sukari ta sami ƙarfi, inda yake mayar da sinadarin fayirubet ya zama laktet idan ƙwayar ba ta bi ta hanyar iskar oksijin ba. Tun a shekarun 1920 wani masani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura cewa ƙwayoyin ciwon daji suna shan sukari da haɗama suna zubar da laktet ko da iskar ta wadata. Ƙarin da ke girma da gaggawa yana cike da LDH, kuma saboda girmansa yana wuce jinin da ke ciyar da shi, ƙwayoyinsa da yawa suna mutuwa su fashe, abin da ke cikinsu ya malala cikin jini. Saboda haka yawan LDH a jini yana nuna abu biyu a haɗe, girman ƙarin da kuma saurin da yake haihuwa yana mutuwa. Da wannan sanin na shiga wajen likitar, kuma ban ɓoye mata cewa na riga na karaya ba.

Ta duba ranar da aka ɗebi jinin, ta duba ranar da aka gwada zazzaɓin cizon sauro, ta ga rana ɗaya ce. Sai ta tambaye ni yadda aka ɗebi jinin. Na gaya mata an sha wahala, jijiyar ta ɓace, an yi ta matsa hannun yarinyar ana jan sirinji da ƙarfi, kuma kwalbar ta daɗe a kan tebur kafin a ɗauke ta. Ta ce, "Malam, wannan lambar ba zan yi aiki da ita ba. Jajayen ƙwayoyin jini cike suke da LDH. Ƙwayar zazzaɓi tana fasa su a cikin jiki, jan sirinji da ƙarfi yana fasa su a cikin allura, ajiye jini ba a raba shi ba yana sa abin da ke cikinsu ya tsiyayo. Ban san nawa ne na ƙarin a cikin wannan dubu ba, kai ma ba ka sani ba." Ta kuma tambayi rukunin jininta na gado, domin mai sikila jajayen ƙwayoyinsa kullum cikin fashewa suke, LDH ɗinsa a sama yake ko ba shi da wani ƙari. 'Yata AS ce, kuma wannan ba ya tayar da ma'aunin kamar yadda SS ke yi.

A ganina wannan shi ne abin da ya fi kowane muhimmanci ga iyaye a ƙasarmu, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Ma'aunan da ake kwatanta yaranmu da su an samo su ne mafi yawa daga yaran Turai da Amurka da Japan, inda zazzaɓin cizon sauro ba ya cikin lissafi, sikila kuma ba ta kai tamu yawa ba. A nan kuwa waɗannan abubuwa biyu masu tayar da LDH ba tare da ƙari ba cututtuka ne da muke kwana muke tashi da su. Ciwon hanta ma yana tayar da shi, kuma jarirai ma'auninsu na lafiya ya fi na manya. Bayan haka ɗakunan gwaji ba hanya ɗaya suke bi ba, wata hanyar lambarta kan kusan ninka ta wata a kan jini ɗaya, shi ya sa ba a ɗauko sakamakon wannan ɗaki a kwatanta da na wancan. Wanda ya ga lamba mai yawa ya yanke ƙauna ya kwashe ɗansa ya koma gida, mai yiwuwa zazzaɓin da aka riga aka warkar ne ya kore shi daga asibiti.

Aka jira zazzaɓin ya tafi sarai, sannan wata nas da ta ƙware da jijiyoyin jarirai ta ɗebi jinin a hankali, aka kai shi ɗakin gwaji nan take aka raba. LDH ya fito sama da iyakar lafiya, amma ƙasa da 750. Tare da shi aka auna feritin, wanda ba enzayim ba ne, ma'ajiyar sinadarin ƙarfe ce a jiki, amma shi ma yana hawa a ƙari mai zafi. Shi ma zazzaɓi da ƙarin jini suna tayar da shi, ƙarancin ƙarfe a jiki kuma yana sauke shi. Nata ya fito ƙasa da 120.

Likitar ta bayyana mini dalilin da ya sa take kallon waɗannan lambobi biyu. A ƙasashen da ke da hali, abin da ake fara nema a tsokar ƙarin shi ne wata ƙwayar gado mai suna MYCN. A kusan ɗaya cikin biyar na masu wannan ciwo, ƙwayoyin ƙarin sun kwafe ta ninki-ba-ninki, kuma tun a tsakiyar shekarun 1980 aka tabbatar cewa irin wannan ƙarin yana gudu, yana dawowa bayan magani, ko da an same shi bai bazu ba. A 2009 wata haɗakar masana ta duniya ta duba bayanan yara 8,800, ta fitar da tsarin raba marasa lafiya gida-gida bisa shekarun yaro, da bazuwar ƙarin, da kamanninsa a madubin ɗakin gwaji, da halin MYCN da wasu alamomin gado. LDH ya nuna ƙarfi a cikin wannan bincike, amma ba a sa shi cikin tsarin ƙarshe ba. Sai dai yawancin yaran duniya suna zaune ne a inda gwajin MYCN ba ya samuwa, saboda haka a 2015 wani kwamiti na ƙungiyar likitocin ciwon dajin yara ta duniya ya fitar da shawara domin ƙasashe irin tamu, inda ya ce idan MYCN bai samu ba a dubi LDH da feritin a madadinsa, aka sa iyakar LDH a 750, ta feritin a 120. Hujjar ita ce ƙarin da ya ninka MYCN yana tura ƙwayoyinsa ga cin sukari da rarrabuwa cikin gaggawa, kuma sau da yawa hakan yana bayyana a hawan LDH. Madadi ne, ba daidai yake da ainihin gwajin ba, akwai yaron da zai ninka MYCN amma LDH ɗinsa bai hau ba. Mu mun tambayi kuɗin aika tsokar inda ake gwajin, ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba, ga kuɗin magani na jiranmu a gaba.

Kafin a kai ga ɗebo tsokar ƙarin don gwaji sai da aka sha fama a gida. Mahaifiyata ta ce ba za a taɓa jikarta da ƙarfe ba, domin daji ba ya son ƙarfe, ana taɓa shi yake haukacewa. Ba ita kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, kuma na san inda ya samo asali: mutanenmu sukan isa asibiti ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu, a yi aiki, su rasu bayan ɗan lokaci, sai a ɗora wa wuƙa laifin jinkiri. Na zauna da ita na ce, "Hajiya, ƙari iri uku ne ke kama da juna a cikin nan, kowanne maganinsa daban, kuma ba a rarrabe su sai an ga naman. In ba a gani ba, za a yi ta ba ta magani a makance." Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko abin gado ne, domin tana tunanin yayyen yarinyar. Wannan na riga na tambayi likita: wanda ake gada bai wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, kuma mafi yawansa yana da alaƙa da canji a wata ƙwayar gado mai suna ALK, wadda ita ma enzayim take ƙerawa, aka gano haka a 2008. Da ta ji babu wanda ya taɓa yin irinsa a dangi kuma yayyen ba sa cikin wani haɗari na musamman, ta ce a yi, Allah ya sa a dace.

Aka ɗebo ɗan naman da allura, aka kuma ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugu ta ɓangarori biyu, domin ɓargo da ƙashi da hanta su ne wuraren da wannan ciwo ya fi zuwa. Ɓargon ya fito babu komai. Likitan da ke duba tsoka ya tabbatar niyurobilastoma ne, ƙwayoyin ba su nuna sosai ba amma ba sa rarrabuwa da yawa, kuma bisa tsarin da wani likita mai suna Hiroyuki Shimada ya kafa a 1984 irin wannan kama a jikin yaron da bai kai wata 18 ba tana cikin masu sauƙi. Kama ɗaya a jikin ɗan shekara uku da an karanta ta daban.

Batun wata 18 ɗin nan ya dame ni, na yi ta tambayar kaina yadda ciwo ɗaya zai zama mai sauƙi ga jariri ya zama mai kisa ga ɗan shekara uku. A nan ne na gamu da wani enzayim da ba a auna wa 'yata ba, kuma ba a auna shi a gwajin yau da kullum, amma shi ya fi ba ni amsa. Kowane zaren gado a cikin ƙwaya yana da wani kariya a bakinsa da ake kira telomiya, kamar ƙullin da ake yi a bakin igiya don kada ta warware. Duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu sai wannan bakin ya ɗan ragu, idan ya ƙare ƙwayar ta daina rarrabuwa ko ta mutu. Enzayim ɗin da ke sake tsawaita shi sunansa telomares, Elizabeth Blackburn da Carol Greider suka gano shi a tsakiyar shekarun 1980, aka ba su kyautar Nobel a 2009 tare da Jack Szostak. Yawancin ƙwayoyin jikinmu sun kashe shi, yawancin ƙwayoyin ciwon daji kuwa sun sake kunna shi. A 1995 masu bincike a Hiroshima ta Japan suka auna aikinsa a ƙari 100 na niyurobilastoma, suka ga waɗanda aikinsa ya yi yawa a cikinsu su ne masu mummunar makoma, da yawansu kuma su ne masu ninkin MYCN, alhali waɗansu ƙarin jarirai da ba a sami aikinsa a cikinsu ba sun ƙanƙance da kansu. A 2015 masu bincike a Jamus suka nuna cewa akwai ƙari masu zafi da ba su ninka MYCN ba amma sun kunna telomares ta wata hanyar, ta hanyar sauya wa ƙwayar gadonsa mazauni.

Wannan ya haska mini wani abu da likitoci suka daɗe da gani. Tun 1971 likita Audrey Evans da abokan aikinta a Filadelfiya ta Amurka suka ware wani rukuni na jarirai da ciwon ya bazu musu zuwa hanta da fata da ɗan ɓargo, amma da yawansu suka warke ba tare da magani mai ƙarfi ba. Ƙarin da ba shi da hanyar gyara bakin zarensa yana da iyakar da ba zai wuce ba. Japan ta taɓa gwada fitsarin jarirai 'yan wata shida a duk faɗin ƙasar tun daga 1985, aka gano ƙari da yawa, amma aka dakatar da shirin a farkon shekarun 2000, bayan bincike a Kanada da Jamus ya nuna irin wannan tantancewa ba ta rage mace-mace ba, domin mafi yawan abin da take kamawa irin mai lafawa da kansa ne. Da na kai wa likitar wannan karatu na tambaye ta ko za a bar na 'yata a gani, ta ce a'a, nata ya naɗe jijiyoyin jini yana danne ƙoda, kuma ba ta da hanyar sanin halin telomares ɗinsa. Na yarda da ita, kuma ina ganin duk wanda ya karanta labarin ƙarin da ke ɓacewa da kansa ya kamata ya san cewa likita ne ke yanke wannan shawara, yana bin yaron da hoto a kai a kai.

Da aka haɗa komai, watanninta ƙasa da 18, ciwon bai bazu ba, kamannin tsokar masu sauƙi ne, LDH da feritin ƙasa da iyaka, amma ƙarin ba ya ciruwa a yadda yake, sai aka sa ta a rukunin tsakiya. A ƙasashen da ke da kayan aiki fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran wannan rukuni suna rayuwa, na rukunin mai tsanani kuwa kusan rabi ne ko da an yi musu dashen ɓargo da sauran magunguna masu tsada. Da an yi aiki da lambar farko, da an karkata ga magani mai nauyi wanda jikinta bai buƙata ba, kuma maganin ciwon daji ba abin da ake ƙarawa don a samu natsuwa ba ne, kowane ƙari a kansa ana biyansa da ɓargo da ƙoda da ji da zuciya.

Aka fara kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, zagaye-zagaye da tazarar mako uku, ana haɗa kabofilatin da etofosayid da saikulofosfamayid da doksorubisin bi da bi. Gashinta ya zube, amai ya zo, kuma doksorubisin ya mayar da fitsarinta ja har mahaifiyarta ta firgita, sai nas ta ce launin maganin ne. Abin da aka fi gargaɗinmu a kai shi ne mako na biyu bayan kowane zagaye, lokacin da fararen ƙwayoyin jini ke faɗuwa ƙasa: in ma'aunin zafi ya nuna 38, ba a ba da farasitamol a jira gari ya waye, asibiti ake tafiya ko da tsakar dare ne. Bayan zagayen farko LDH ya ɗan ƙara hawa, amma an riga an gaya mana haka na iya faruwa, domin ƙwayoyin da magani ya kashe suna zubar da abin da ke cikinsu. Daga nan ya yi ta sauka har ya shiga iyakar lafiya, VMA da HVA ma suka bi shi, hoto kuma ya nuna ƙarin ya ja baya daga jijiyoyin jinin.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani yaro ɗan shekara huɗu da aka kawo daga wani ƙauye, zagayen idanunsa sun yi baƙi kamar an doke shi, alamar ciwon ya kai ƙashin da ke kewaye da ido, ƙafafunsa kuma suna masa ciwo har ba ya iya tsayuwa. An maimaita masa LDH cikin kulawa, ba shi da zazzaɓin cizon sauro, ba shi da sikila, lambar ta fito dubbai. Mahaifinsa, wanda ya ga ina yawan duba takardu, ya miƙo mini tasa ya ce, "Malam, don Allah duba mini, kai ka yi karatu." Na gaya masa lambar tana da yawa kuma likita ce ta san abin da za ta haɗa ta da shi, na raka shi wajenta. Ta gaya masa gaskiya cikin tausasawa, cewa ciwon mai tsanani ne, maganin da ke hannu zai iya rage shi ya sauƙaƙa wa yaron raɗaɗi, amma warkewa tana da wuya. Yaron ya rasu kafin mu gama namu maganin, Allah ya sa mai ceto ne. Ma'aunin da ya buɗe mana ƙofa shi ne ya faɗa wa wannan bawan Allah abin da ba ya son ji, kuma a duka biyun gaskiya ya faɗa, da yake an ɗebi jinin yadda ya kamata an kuma karanta shi tare da sauran alamomi.

Bayan kemo aka yi aiki, aka cire mafi yawan ƙarin tare da adirinal ta hagu, aka bar ƙodar. Likitan fiɗa ya ce ya bar ɗan ragowa manne da babbar jijiyar jini, domin ɓanɓaro shi ya fi barinsa haɗari, kuma a rukuninta ba a cika buƙatar a kwashe komai ba. Da aka duba abin da aka ciro, ƙwayoyi da yawa sun mutu, waɗansu kuma sun nuna sun zama kamar cikakkun ƙwayoyin jijiya waɗanda ba sa rarrabuwa. Wannan hali ne da aka san niyurobilastoma mai sauƙi da shi.

Yanzu muna zuwa duba lafiya, da farko a kusa-kusa, daga baya aka ƙara tazara. Ana yin sikanin a ga ragowar nan ba ta ƙaru ba, ana gwada fitsari, ana auna hawan jini, an kuma duba jinta da zuciyarta saboda magungunan da ta sha. Likitar ta ce a wannan mataki hoto da fitsari sun fi LDH amfani wajen gano dawowar ciwo, amma takan sa shi cikin gwajin jini. Duk ranar da za a ɗiba, idan yarinyar ta yi zazzaɓi a 'yan kwanakin nakan faɗa tun kafin a tambaye ni, a ɗakin gwaji ɗaya muke yi kullum, kuma ina ajiye sakamakon duka a fayil ɗaya bisa jerin kwanan wata, da rubutun halin da take ciki a ranar a bayan kowace takarda. Allurar rigakafin da aka dakatar mata lokacin kemo, har da ta ƙyanda, an ci gaba da ita bayan wata shida da gama magani, lokacin da likitar ta tabbatar ƙwayoyin jininta sun farfaɗo.